Kwalbar Hasiya Mai Zare

Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Shagari ya san Iya Hasiya, ko bai riske ta ba ya ji labarin kwalbarta. 'Yar Mandera ce, aure ya kawo ta, mijin ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika, sai Maniru, ɗan ƙanenta da ta riƙa tun yana rarrafe. Kaɗi ne sana'arta. Gajeriya ce, mai kaifin ido, kuma ba ta gaisuwa mai tsawo. In ka tsaya jan gaisuwa sai ta ce, "Lahiya lau, mi ya kawo ka?"

Bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, zamanin Turawa ke nan, kananzir ya fara shiga gidajen talakawa. Kafin nan man gyaɗa ake zubawa a fitilar ƙasa, mace ta san abin da ta matsa da hannunta. Shi kuwa wannan baƙon mai daga kantin Bodinga ake ɗauko shi a garwa, a auna wa maigida a kasuwa, matar gida ba ta ga awo ba, sai dai a miƙo mata a ce ya kai ta wata kasuwar. Iya Hasiya ta ce ita ba ta yarda da abin da ba ta gani ba. Ran da ta fara saye ta sa aka auna a gabanta, ta juye a wata koriyar kwalba, ta ɗaura zaren kaɗinta daidai inda man ya tsaya. Shi ke nan fa. Kowace kasuwa sai mata su aiko da nasu ta juye ta duba. In ya taɓa zare ta ce a je a kunna, in bai taɓa ba ta ce a mayar wa mai shi. Ba ta karɓar komai, ko goro. Masu awo sun tsane ta, suna kuma gaishe ta har ƙasa.

Da Maniru ya kawo ƙarfi, ta sayar da tumakinta ta saya masa jaki da garwa biyu, ya shiga ɗauko kananzir daga Bodinga. Yaro ne mai kunya, awonsa kullum bisa zare. Har mata suka gaji da aikowa, suka ce ai na gida ne, me za a duba?

To, a nan uwata ta shigo labarin. Safinatu sunanta, Allah ya yafe mini kama suna. Lokacin ba ta daɗe a gidan Baba ba, ni ba a ma yi cikina ba. Babana Ɗanbaba mutumin kirki ne, amma wajen zargi, kai, Allah ya ji ƙansa, ba shi da na biyu. Kananzir ya riƙa ƙarewa kafin kasuwa ta zagayo, sai ya ce Inna ce ke ɗiba tana aika wa danginta. Ta rantse, bai ji ba. Ta rage lagwani har ba ka ganin tafin hannunka, ta riƙa tuƙa tuwo tun da sauran rana, duk da haka ya ƙare. Baba ya ce in ya sake ƙarewa, ta haɗa kayanta. Kan mai na fitila! Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ran kasuwa da la'asar, da Baba ya ajiye sabon awo ya fita, Inna ta ɓoye shi cikin mayafi ta zaga ta baya zuwa gidan Iya Hasiya.

"Iya, ki duba min. In ni ka ɓarna, in sani."

"Wurin wa anka sawo?"

"Wurin Maniru."

Iya Hasiya ta harare ta. "Ke ɗiyar nan, awon Maniru za ki kawo min?"

Amma ta ɗauko kwalbar ta sa mazurari ta juye. Man ya tsaya ƙasa da zare, tazarar yatsa biyu. Ta ce hannunta ne ya karkace, ta dasa kwalbar a turmi ta tsuguna ta duba. Yana nan inda yake. Ta aika maƙwabta aka karɓo na wani gida da aka saya wurin Maniru, shi ma haka. Inna ta ce tsohuwar ta daɗe tana kallon zaren nan, har ta ji tausayinta ya kama ta, ta ce, "Iya, a bar maganar." Iya Hasiya ta ce, "A bar ta, ke kuma ki tahi gida da suna ɓarauniya?"

Tana zaune Maniru ya shigo da jakinsa. Ba ta bari ya sha ruwa ba ta ce ya ba ta kwalbar awonsa. Tsawonta ɗaya da tsohuwar kwalbarsa, faɗi ɗaya, launi ɗaya. Ta juya ta, ta tura babban yatsa a gindinta, yatsan ya shige har ya ɓace. Gindin a lotse yake, ya taso ciki kamar an kifa ƙaramin ƙoƙo.

"Ina ta da?"

"Ta hwashe, Iya, tun kaka, jaki ya yi tuntuɓe. Na samo wagga a Bodinga, na jera su da irinta, kai ɗaya."

"Ba ka ga garwa ta daina ƙarewa da wuri ba?"

Maniru ya sunkuyar da kai. "Na gani. Na ɗauka albarka ce. Har sadaka na yi." Sannan ya nuna kwalbar da baki. "Da ribarta na sawo miki zanen ga."

Zane ne baƙi mai sheƙi, na rini, irin wanda ba ta taɓa mallaka ba. Ta ɗaura shi sallar da ta wuce, ta zaga unguwa tana cewa ɗanta ya saya mata. Ta dubi zanen, ta dubi Inna da idanunta suka kumbura. Ta shiga ɗaki ta sauya tsohon zanenta na kaɗi, ta ce Maniru ya ɗauki garwa ya biyo ta.

A zauren gidanmu, gaban Baba da abokan hirarsa, ta dasa kwalabe biyu ta juye kowa ya gani. Ta ce, "Ɗanbaba, matarka ba ta ɗauki ko ɗigo ba. Gidana anka ci shi, ni da ɗana." Haƙuri dai Baba bai ba Inna ba, namiji ne na wancan zamani, sai dai washegari ya shigo da tsire ya ajiye ya yi waje.

Maniru ya bi gida gida yana cika wa mutane har garwa biyu suka ƙare. Wasu suka yafe, wasu suka koma wurin wani mai awo ba su dawo ba. Da ƙyar ya sake tsayawa. Ya yi fushi da ita kwana biyu, sannan ya dawo, don ba shi da wata uwar. Ta ci gaba da duba awonsa kowace kasuwa, kafin na kowa.

Zanen kuwa, ta wanke ta ninke ta aika wa Inna, ta ce nata ne, da hawayenta aka saye shi. Inna ta sa shi ƙasan adaka ba ta ɗaura ba. Da shi aka fara goya ni ran suna. Ban ga ta ɗaura shi ba sai ranar da Iya Hasiya ta rasu, ta zauna zaman makoki a ɗakin tsohuwar, kusa da Maniru, tana karɓar gaisuwa tare da shi.