Igiya Mai Baki Biyu

Gustava na kankare ɓawon itace da wuƙa a akushi, kamar kowace safiya, don ta ƙara wa ɗan garin sha'irinta auki, sai maƙwabcinta Efraim ya shigo ya tsaya bakin ƙofa, hula a hannu.

Shekara goma sha tara ke nan da ita da mijinta Salomon suka sare dajin gefen tafkin nan suka kafa ɗakin gungume. 'Ya'ya huɗu ta haifa. Ƙasa ta karɓi uku, ta huɗun tana aikatau can bakin teku. Bara Salomon ya bi ukun. In ka cire gidan Efraim, sai ka yi tafiyar yini biyu ba ka ga hayaƙin kowa ba.

Sha'ir a nan abu ɗaya yake tsoro: asubar gab da kaka, in sama ta washe, raɓa ta daskare a kan zangarniya. Maganin kuwa sai mutum biyu sun riƙe doguwar igiya, wannan a gefen gona, wancan a ɗaya gefen, su ja ta bisa shuka su kakkaɓe raɓar kafin rana ta taɓa ta. Tun rasuwar Salomon, Efraim ke riƙe mata ɗaya bakin.

"Zauna mana, maƙwabci," in ji ta. "Ka tsaya kamar mai kawo sammaci."

"Inna Gustava, tashi za mu yi. Jibi."

Wuƙar ta tsaya. "Saura mako uku girbi."

"Namu ya riga ya yi baƙi. Mai ɗakina ta ce ba za ta ƙara binne ɗa a nan ba. Ki biyo mu, kwalekwale bai cika ba."

"In je in rakuɓe a gidan mutane ina jiran sadaka? Ni da na tono duwatsun gonar nan da farcena?"

"To wa zai riƙe miki igiya?"

"Saniya. Ta fi ka sauri, kuma ba ta da surutu."

Ya yi 'yar dariya, ba ta yi nisa ba ta mutu.

Gustava ta leƙa taga. Iska ta kwanta, sama fes, ko ƙyallen gajimare babu. Ta san irin asubar da ke bin wannan yini.

"Jibi ka ce. Gobe fa?"

Efraim ya murɗa hularsa. "Yau zan kai kaya ƙetaren tafki, Inna. Can zan kwana."

Ta gyaɗa kai. Ta ajiye wuƙar, ta yafa mayafinta, ta raɓa ta gefensa ta fita ɗauko igiyar.