Akurki Ba Ƙofa

Duk layin ba wanda bai san Ƙi-Faɗi mai wanki ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayar inda ta samo sunan. In ka ce mata hadari ya haɗo ta kwashe shanya, to a lokacin za ta ƙara shanya wani zanin gado. Ta ƙare ƙuruciyarta tana wanki a wani otal, har ranar da aka kawo injin wanki, aka kira masu wankin ofis, aka yi musu godiya mai daɗi, aka nuna musu hanya. Tun daga nan ta koma yi a gida. Ɗaki ɗaya take da shi a gidan haya, da baho biyu, da igiyoyin shanya a bayan gida, da hannayen da sabulu ya cinye. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Ba ta roƙon kowa, ba ta kuma raga wa kowa.

Katangar bayan gidan gajera ce, mai shanya yana hango tsakar gidan maƙwabci ko bai so ba. Maƙwabcin nan direban tifa ne. Wata shekara ya ji ana ta zancen ribar ƙwai, ya sayo kaji goma sha wani abu, ya cusa su cikin kejin waya. Da ƙwan ya ja baya sai zuciyarsa ta fita, ya koma zancen kiwon kifi. Kajin kuwa suna nan a rana, kashi ya taru a ƙarƙashinsu har ya taɓo wayar, kwanon ruwansu ya yi kore ya bushe. Yunwa ta sa suna figar juna. Akwai wata ƙarama da suka fige wa kai da wuya tas, ita ce Ƙi-Faɗi ta sa wa Mai Sanƙo. Kullum ita ce a ƙurya, ita ake takawa.

Ƙi-Faɗi ta daɗe tana jefa musu ɗan abin da ya saura ta saman katanga, tana haɗiye takaici. Ranar da ta ga ɗaya ta mutu a ciki, aka kwana aka wuni ba a ɗauke ta ba, ranar haƙurinta ya ƙare. Ta tare Direba a ƙofar gidansa da yamma, gaban mutane, da kumfa a hannunta, ta yi masa wankin babban bargo.

"Kai ɗan nan, ba ka jin tsoron Allah? Da ka iya sayowa, ba ka iya ba su ruwa ba?"

"Inna, kajina ne fa."

"Naka ne, shi ya sa nake faɗa maka. Da na wani ne, da can na nufa."

Masu zaman benci suka fashe da dariya, shi kuwa Direba ya murtuke fuska. Kunya ce ta kama shi, kuma mutumin da aka kunyata a bakin ƙofarsa ba ya rasa abin ramawa.

"To ki kwashe, na ba ki. Amma ki ji da kyau, ga shaidu. Duk wadda ta sake tako gidana, ta masu figar kaji a kasuwa ce. Ba zan aiko miki ba, ba zan saurari magiya ba."

"Ka ga ƙafarsu tukuna," in ji ta.

A baho ta kwaso su. Sai da ta shigo da su sannan ta tuna ba ta da inda za ta sa su, ba ta kuma da kuɗin katako ko na waya. Ta aika wa ƙanenta mai gyaran keke. Furfura ta cika masa kai, amma har gobe Auta take kiransa, shi ma bai taɓa samun bakin hana ta ba. Ya zo da guduma da gwangwanin tsofaffin ƙusoshi, ya tsaya yana kallon kajin.

"Yaya, waɗannan ai ko masu figar sai sun roƙi ragi. An riga an yi musu rabin aikin."

"Kama bakinka ka kama guduma."

Ta zaga unguwa kamar mai bin bashi. Wajen da ake rushe wani tsohon shago ta samo kwanon rufi mai tsatsa. Ta ciro ƙarafunan wani gadon da aka yar a bola. Mai faci ya ba ta tayoyin da suka mutu, ta cika su da busasshiyar ciyawa don saƙa ƙwai. Gidan sauronta da ya yage ya toshe gefe ɗaya, sandar tsohon abin goge ƙasa ta zama wurin hawa. Akurkin ya fito a karkace, wani gefen ya fi wani tsawo, amma akwai inuwa, akwai iska, ruwan sama ba ya shiga. Da Auta ya ɗauko wani falle zai yi ƙofa, sai ta riƙe masa hannu.

"Ba ƙofa."

"Yaya, kaza sai an kulle ta kwanaki a sabon wuri, sannan ta san nan ne gida. In ba haka ba, rana na faɗuwa za ta nemi inda ta saba kwana."

"Wannan ƙazantar za su nema? Halittar da aka tsare tun tasowarta, ni ma in zo in tsare ta? Ba da hannuna ba."

Ya yi bayani, ya maimaita, ta yi kunnen uwar shegu. Ya tattara ƙusoshinsa ya tafi yana girgiza kai.

Da farko kamar ita ce da gaskiya. Ƙafafun kajin sun sandare, ba mai iya nisa. Ta yanke musu faratan da suka lanƙwashe, ta zuba musu toka suna birgima, ƙuma ta zube. Tana cakuɗa musu dusa da ragowar ganyen da masu kayan miya ke zubarwa. Sannu a hankali gashi ya fara tsirowa, suka fara tono, suka fara bin 'yan haya zuwa ƙofar gida su fita layi. Ƙi-Faɗi ta ji daɗi har ranta. Tana cuɗa wanki tana yi musu hira, har tana cewa a gaya wa Auta ya zo ya ga ƙarya.

Ranar da ƙarfinsu ya dawo sosai, ranar ce aka yi ta. Ta tafi kai wanki wani gida mai nisa, ta dawo rana ta kusa faɗuwa, ta tarar da kajin sun jeru a layi sun nufi ƙofar Direba, wadda ƙasanta ya cinye tun tuni. Ta yar da ƙunshin kanta ta bi su da gudu, ta taro waɗanda ta taro. Biyu sun riga sun shige. Da ta buga ƙofa, Direba ya leƙo ya ce, "Inna, da shaidu muka yi." Washegari da sassafe ya ɗaure su a bayan babur, ya nufi wurin masu figa.

Abin ya yi mata ciwo, ciwo ba kaɗan ba. Ta zauna bakin baho hannunta cikin ruwa, wankin ya ƙi yiwuwa. Haushin Direba take ji, da haushin kajin da aka fitar daga wahala suka koma da ƙafarsu, amma wanda ya fi ci mata rai haushin kanta ne. Da Auta ya zo bai ce mata na faɗa miki ba, don yana son kansa da lafiya. Ya buga ƙofar da robar tayar keke a madadin hinji, ya lanƙwasa ƙusa ta zama sakata. Ita ta tura sakatar da hannunta, ta juya baya.

Kwanakin kullen nan sun fi mata komai wuya. Da yamma ta yi sai kajin su taru jikin ƙofa suna kuka, suna tura kai ta tsakanin ƙarfe. Ta janyo bahonta kusa da su, nan take wanki, nan take cin abinci. "Ku yi ta zagina," take ce musu, "ba inda za ku." 'Yan haya suka ce tsufa ya fara taɓa ta. Ta ce in sun ga ta daina karɓar wankinsu su sake magana.

Bayan mako guda da 'yan kwanaki ta buɗe. Labari ya riga ya zaga, don haka da la'asar sakaliya benci ya cika, Direba ma ya dawo da wuri ya zauna bakin ƙofarsa yana kaɗa makulli. Kajin suka yi ta kiwonsu a layi. Ƙi-Faɗi ta tsaya ta riƙe ƙugu. Da haske ya fara raguwa, babbar cikinsu ta ɗaga kai, ta juya, ta shige gidan haya. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Auta ya sauke ajiyar zuciya.

Sai Mai Sanƙo. Ta tsaya tsakiyar layi, ta kalli nan ta kalli can, ta sunkuya ta ƙarƙashin ƙofar Direba ta shige.

Ƙi-Faɗi ba ta yi sallama ba, ta ture ƙofa ta bi ta. Ta same ta cikin tsohon kejin, can a ƙuryar da ake taka ta, ta kwanta lamo ta lumshe ido. Duk duniya nan kaɗai ta sani. Ƙwalla ta cika wa tsohuwar ido, ta share da gefen zani kafin Direba ya iso.

"Inna, magana ɗaya ce. Ki bar ta nan."

Ta naɗe ɗankwalinta ta yi gammo, ta durƙusa, ta ciccibi kejin gaba ɗaya da kazar a ciki, da tsatsarsa da busasshen kashinsa, ta aza a ka. Ta cije ta miƙe.

"Wannan sata ce fa, Inna."

"To ka kai ƙara, ka ce an sace maka ƙazanta. In kuwa yanzu kake so, ga shi a kaina, zo ka sauke."

Ya dubi mutanen da suka cika ƙofa, ya dubi tsohuwar da ta haifi kamarsa tana tangaɗi da kaya, ya matsa gefe. Ta wuce ta tsakiyarsu, ƙura da kashin kaji suna zubo mata a kafaɗa, ba ta ko karkaɗe ba.

A cikin akurki ta dire shi. Auta ya ɓalle masa murfi da filaya, ita kuma ta kwashe ruwan ɗauraya ta wanke shi har wayar ta fito. Ba abin da ta tsana a duniya kamar kejin nan, ta faɗa wa kowa, tana kuma faɗa har yau. Amma kowace safiya, kafin ta taɓa wankin kowa, shi take fara sharewa ta sa sabuwar ciyawa a ƙuryar, don a nan Mai Sanƙo ke kwana.