Mma Adiza da Ƙeyar Jikana

Mma Adiza ta rasu.

Ina cikin trotro, motar hayarmu, da safiyar nan, tsakanin Nima da New Town, 'yata Rukayya ta kira tana kuka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Za a yi jana'iza bayan azahar a Maamobi.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce mai wankan jarirai a unguwarmu. In an yi haihuwa, takan zo kowace safiya da tawul da man kaɗanya, ta wanke jariri, ta gasa masa jiki da ruwan ɗumi, ta gyara masa kai ya fito a zagaye yadda iyayenmu ke so.

Zan faɗi gaskiya. Na daɗe ina kishin matar nan.

Aikina rubutu ne a kan lafiya. Na yi shekaru ina rubuta magana ɗaya a jarida, ina maimaita ta a rediyo: akwai jariran da ke mutuwa cikin barci alhali lafiyarsu lau, ba a gano dalili ba, amma ana iya rage haɗarin. A kwantar da jariri a kan bayansa. Shimfiɗa mai tauri, ba filo, ba tarin zannuwa, ba hayaƙi a ɗaki. Kowace kalma sai da na auna ta. Ban taɓa cewa yana hanawa ba, yana ragewa nake cewa.

Na taɓa sayen ƙosai aka naɗo mini shi a takardar da na rubuta.

Da Rukayya ta haifi ɗanta na fari, na shiga ɗaki na tarar da shi kife a kan filo, an rufe shi da atamfofin barka biyu, turaren wuta na tashi. Na juya shi. Na fita na dawo, an sake kife shi.

"Mama, surukata ta ce in ya kwanta rigingine ƙeyarsa za ta baje kamar faranti. Yara su riƙa tsokanarsa a makaranta."

Na yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce "to, Mama", irin "to" ɗin da ake yi wa mai tallar magani a mota.

Washegari Mma Adiza ta zo wanka. Ta bar surukar ta gama maganarta tsaf, sannan ta ce: "Hajiya, kan yaron nan aikin wa ne? Nawa ne. Ni ke gyara shi kowace safiya. In kun kife shi kun ɓata mini aiki. Ku kwantar da shi a bayansa. In ƙeya ta baje ku zo gidana ku zage ni, ai kun san ƙofa."

Ta zare filon ta miƙa wa surukar. "Riƙe, ke ce mai ciwon baya." Ta ɗauki kaskon turare ta kai tsakar gida.

Ba a sake kife shi ba.

Na gode wa Allah, na kuma koma gida da haushi. Tun daga ranar, yaro ya yi atishawa, Mma Adiza ake kira. Ni da na haifi uwarsa sai dai in ji labari daga baya. "Mama, kin san Mma Adiza ta ce ba a sa wa jariri filo?" Na sani, Rukayya. Ni na rubuta.

Har ido na sa mata ina neman kuskure. Sai na lura ba ta matsa kan jariri ko kaɗan, shafawa kawai take yi. Gyaran gaskiya shawara ce, a bakin ƙofa take ba da ita: yau fuskarsa ta kalli taga, gobe ta kalli ƙofa, in kuma idonsa biyu kina zaune kusa, ki kife shi ya ɗan yi wasa. Duk suna cikin takardata. Babu wanda ya karanta har wurin.

Ita kuwa Madam Jarida take ce mini. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, kwana uku tana kawo mini koko da kanta.

Ranar Juma'a muka yi haɗuwar ƙarshe, a gidan Rukayya, wadda ta sake haihuwa, mace wannan karon. Mma Adiza ta gama wanka tana ninke tawul.

"Madam Jarida, yau ma fuska a ɗaure? Wa ya ci miki labari?"

Na ce: "Ke. Magana ɗaya muke faɗa, ke ake ji. Har 'yar cikina."

Ta daina dariya.

"Ɗana na fari, Yusif. Wata biyu. Na kife shi a kan zannuwa da rana, na je ɗora tuwo. Na dawo yana nan yadda na bar shi. Tsofaffin unguwar nan duk sun zo mini gaisuwa, sun sani. Shi ya sa ba sa musu da ni. Wannan ba abin kishi ba ne, Madam. Allah ya raba ki da shi."

Shekara da shekaru na san ta, tambaya ce sana'ata, ban taɓa tambayarta ba.

Jikata kwananta biyar yau. Surukar ta iso jiya da wani ɗan filo mai leshi, sabo fil, na ranar suna. A waya ɗazu, da kuka ya ɗan lafa, Rukayya ta ce: "Mama, gobe wa zai zo?"

Na ce ni.

Ba zan je da takarda ba. Zan ce musu kan yarinyar nan aikin Mma Adiza ne, ta fara shi, ba mai ɓata mata. Da sunanta zan zare filon, ba da nawa ba. Ba zan ɓoye ba, har yanzu abin yana ɗan sosa mini rai. Amma za su ji.

Allah ya jiƙan Mma Adiza, ya yafe mata, ya haskaka makwancinta, ya sada ta da Yusif. Ni ma ya yafe mini abin da na riƙe mata a zuci. Duk wanda ya karanta, ina roƙon ya sa ta a addu'a, musamman ku da ta taɓa wanke muku ɗa.