Kan Sojan Ostareliya a Gwangwanin Shayi

Har gobe ban manta da ranar da aka turo mini alhajin Ostareliya ba. Laraba ce, kwana biyar da saukowa daga Mina, 'yan shekaru bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Lokacin ina katibi, wato magatakarda, a ofishin wani muɗawwifi a unguwar Misfala ta Makka. Ku na yanzu ba ku tarar da tsarin ba. Kowace ƙasa da muɗawwifinta, shi ke saukar da alhazanta, ya sa su a daftari, in wani ya rasu ya ajiye kayansa amana har magada su zo. Mu na Hausawa ne. Ostareliya kuwa ba wanda ya san ta wane ce, sai a turo mana.

Sunan baƙon Yusufu, jikan masu raƙuman da suka ƙaura can daga Afganistan. Turancina na tsince shi ne a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, bai wuce na sayen kifi ba, da shi muka lallaɓa. Ya ce kakansa Gul Muhammadu ya yi aikin soja da raƙuma a Yaƙin Duniya na Farko, aka sallame shi, ya zo hajji, shiru har yau. Dangi suka ce ya yi aure a Makka ya manta da gida. Kakarsa ta haura tamanin, shekara talatin ana yi mata gori. So take kafin ta mutu ta san gaskiya, ta kuma ƙara ganin fuskarsa.

Na kai shi wurin Baba Ɗanjuma, mai riƙe da mabuɗin ɗakin amana tun ina cikin uwata. Ya buɗa daftarin shekarar, ya zaro ƙunshi, sai ga takardar binciken alƙali da sa hannun shaidu biyu. Na karanta, na kasa ɗaga kai. Wai marigayin yana nuna wa wani Badawi, Balaraben jeji, yadda ake durƙusar da raƙumi ne a Mina, raƙumin ya durƙusa a kansa.

Na fassara ina inda-inda. Yusufu ya ce, "Raƙumi ne, ba mace ba?"

Na ce raƙumi ne, namiji ma. Sai ya fashe da dariya, hawaye na zuba.

Saura hotunan da ke cikin ƙunshin. Guda uku ne, soja a tsaye da bindiga, ga raƙumi a gefe, amma daga shi har raƙumin babu mai kai.

Na ce wa Baba Ɗanjuma, "Ya Ammi," wato baffana, "ina kawunan?"

Ya ce, "Na yanke mana. So kake mala'iku su daina shiga ofis saboda hoto?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Mutum ya yi wata guda a jirgin ruwa, in miƙa masa takalmi da bel? Na ce, "Haba Ammi, ka zubar da fuskar mutum?"

Ya harare ni. "Ni na ce maka na zubar? Amana ce fa."

Ya miƙa hannu bayan akwati ya ɗauko gwangwanin shayi, ya juye a tabarma. Kawuna ne na shekara da shekaru, Hausawa, Barebari, 'yan Jawa, masu rawani, masu jar dara, raƙuma uku da wani doki da ba a san mai shi ba.

Muka durƙusa muna gwaji. Na ɗora wani kai, sojan ya koma liman. Baba Ɗanjuma, da idonsa ya yi rauni, ya ɗora na dokin ya ce, "Wannan ya zauna daidai." Yusufu bai taɓa ganin kakan ba, sai can ya tuna kakarsa ta ce raƙumi ya taɓa gatse masa rabin kunnen hagu. Na ce a raina, wannan bawan Allah da raƙuma dai ba su taɓa shiri ba.

Muka koma duba kunnuwa. Gab da la'asar na ɗago wani kai mai malafa an naɗe gefe ɗaya, ga gashin tsuntsu a soke, ga guntun kunne. Na kara shi kusa da fuskar Yusufu. Hancin nan ɗaya ne, ba sai an kira shaida ba.

Baba Ɗanjuma ya jiƙa ƙaro, amma ya ce ba a cikin ofis ba. A lungu muka tsuguna muka manna. Wuyan ya ɗan karkace, kamar mai leƙen wani abu. Na raƙuman kuwa ya hana, ya ce wanda ya yi kisa ba ya mayar masa da kai.

Hajjin da ya biyo baya wasiƙa ta zo. Yusufu ya ce tsohuwar ta sa an karanta takardar alƙali a gaban dangi kaf, sannan ta daɗe tana duban hoton, ta ce dama haka yake karkata wuya in bai da gaskiya.

Tun daga ranar na daina raina tsofaffin wannan aiki. Za su yi wa kayanka abin da zai sa ka riƙe baki, amma ko ƙwayar ido ba za su yar ba. Da Baba Ɗanjuma ya rasu ni na gaji mabuɗin, na ajiye almakashinsa na yankan kawuna a gefe. Gwangwanin yana nan, ko wani zai zo neman kakansa.