Rakiya Zuwa Iskandariyya

Teku na je gani a Iskandariyya, ban san rakiya aka ɗauko ni ba.

Lokacin ina ɗalibi a Alƙahira, ina zaune a unguwar Hayyin Ashir, a wani bene da ke da shagon tela a ƙasansa. Telan Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun baro ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Ya girme ni, don haka Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Ustaz cikin tsiya, don ya san a nahawu ni ne kurar baya. Ya daɗe yana jiran takardun fita wata ƙasa, har ya daina zancensu.

Da aka yi hutun zafi ya ce, “Ustaz, kai da ba ka taɓa ganin ruwan da ya fi Nilu ba, yalla mu je Iskandariyya. Jakar goyo kawai, mu ci wake da burodi, mu kwana inda ya samu.”

Na amince nan take. Na dai lura da abu ɗaya: mutumin da kan riƙe ɗinkin sallah har bayan sallah, a makon nan ya gama na kowa ya miƙa. Na yi masa dariya, na ce ko tuba ya yi.

Muka hau jirgin ƙasa na talakawa, mai kujerun da ke gasa wa mutum baya. A can muka sami wani tsohon masauki a saman bene, lif ɗinsa kamar kejin kaji, yana hawa yana kuka. Garin ya burge ni, ban ɓoye ba. Tsofaffin gine-ginen Girkawa da Italiyawa sun jeru suna fuskantar ruwa, fentinsu ya ɓare, an shanya wanki a barandarsu. Mun hau taragon da ke rarrafe a tsakiyar titi, mun sauka cikin kaburburan Rumawa na ƙarƙashin ƙasa, inda na yi ta karanto duk addu’ar da na haddace, Yaya yana bayana yana ƙyaƙyata dariya.

Sai tsohuwar ganuwar da ke bakin teku. Ni mutumin Gusau ne, ruwan da na sani yana da ɗaya gaɓar. Wannan ba shi da ita. Igiyar ruwa ta taso ta maki dutse, na riƙe bango da hannu biyu. Na waiga in ga ko Yaya zai yi mini tsiya, sai na gan shi can yana tambayar wani masunci yadda iska take a tsakiyar ruwa a wannan watan. A shekarun nan kowa a unguwarmu ya san jiragen kamun kifi da ke kwasar mutane daga gaɓar nan zuwa Italiya, kuma kowa ya san gidan da aka yi zaman makoki babu gawa. Na ce wa kaina surutu ne kawai.

Da la’asar a masauki ya tuɓe riga zai watsa ruwa. A ƙirjinsa na ga leda an naɗe ta da salatif, takardunsa a ciki. Jakarsa tana buɗe a kan gado: dabino, gorunan ruwa, da rigar nan mai ruwan lemo da ake sawa don kada a nutse.

“Yaya, mene ne wannan?”

“Abin da ka gani ne, Ustaz. Khalas, na gama magana da masu jirgin. Gobe za su kira.”

Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da mahaifiyarsa. Na kawo ayoyi, na lissafo masa mutanen da muka sani da suka shiga ruwan nan shiru har yau. Daga ƙarshe tsoron ya juye haushi, na ce, “To don me ka jawo ni? Da ka tafi abinka, da ban gani ba!”

Ya zauna a bakin gado. “A gidanmu ba a fita babu rakiya. Kakana da zai baro Sakkwato, gari guda ya taka masa har bakin rafi. Ni a ƙasar nan wa nake da shi? Ma’alish, ka yi haƙuri, da na gaya maka ba za ka zo ba.”

Gaskiya ya faɗa, ba zan zo ba.

Da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Na so in kulle ƙofa in jefar da makullin ta taga, amma da ya miƙe sai na ga hannuna ya riga shi ɗaukar jakar, don mai rakiya shi ke riƙe wa matafiyi kaya. Muka bi bakin teku a ƙafa. Masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto, ana sayar da gasasshiyar masara, ni kuwa ko kallon ruwan ban iya yi. Duk ɗan sandan da muka gifta sai in ji kamar ya san abin da ke bayana, rabin zuciyata tana tsoron ya tsayar da mu, rabi tana roƙon ya tsayar.

A wata kwana da ƙananan motocin haya ke lodi, ya karɓi jakar.

“To Ustaz, ka koma haka. Ka yafe mini.”

“Ba ka yi mini komai ba, Yaya. Ni ma ka yafe mini.”

Ya shiga, motar ta tashi. Na tsaya har ta sha kwana, kamar yadda ake yi.

Ni kaɗai na dawo Alƙahira. Wayarsa a kashe. Na daina zama a shagon shayi, don duk sanda talabijin ta nuno teku sai in tashi in fita. Bayan ’yan makonni wata lambar Sudan ta kira ni, muryar tsohuwa ce, mahaifiyarsa. Shi ya ba ta lambata tun kafin mu tashi. Na zaci za ta tambaye ni ko ya isa, ina ta neman abin da zan ce. Ba shi ta tambaya ba.

“Ɗana, da zai tafi, an raka shi?”

“An raka shi, Inna. Ni na riƙe masa jaka.”

“Alhamdu lillahi,” in ji ta. “Bai fita kamar mara dangi ba. Allah ya yi maka albarka.”

Na ce amin. Har yau ba mu ji ɗuriyarsa ba, ni da ita.