Safar Hannun Mai Ɗibar Ruwa

Tana tsugune a bakin kwatar masana'antar jimarmu a Challawa, da takalmin roba har gwiwa da safar hannu da ta yi mata yawa. Direbanta ya ce daga jami'a take, gwamnati ke son sanin abin da ke cikin ruwan. Ina jin ko wanke-wanke ba ta yi a gidansu.

Ta cika kwalba, ta ɗago. "Malam, ku ɗan ja baya, ruwan nan yana ƙona jiki."

Na cusa hannuwana a aljihu. A cikin ruwan nan nake wuni tun ana biyanmu da fam da sule.

Ta zare safar, ko ɓula babu, ta ƙulle a leda. Wai ƙonawa za a yi. Kuma daidai hannuna ce.