Yadda Na Ƙwato Gonar Cittarmu Daga Hannun Amurka

Daga Kafanchan har gindin duwatsun Kagoro, ba a taɓa yin mutumin da ya ja da Amurka ya kwana lafiya ba sai ni. Mutanen Biyetnam sun yi nasu, ban raina musu ba, amma su shekaru suka kwashe, da bindigogi. Ni safiyar Lahadi guda ta ishe ni, da sanda da ganye.

A shekarar da Amurkawa suka tattara komatsansu daga Biyetnam ɗin, ina sabon ticha a Kafanchan, ina koyar da tarihi. Da ka gan ni a lokacin sai ka ba ni hanya. Gashina ya tashi kamar an kifa mini kwando, ga mataji soke a ciki. Wandona mai faɗin ƙafa ne, in na bi ta tashar jirgi masu shara hutawa suke yi. Takalmina kuwa dunduniyarsa ta kusa turmi. A saman duka akwai hular kaboyi da na saya bayan na ga irinta a silima, ga cingam a baki.

Amma kan nan cike yake da karatu. Na san yadda Amurka ta yi ta cin ƙasa har ta kai bakin teku, da tudu ya ƙare mata ta hau jirgin ruwa. A tsibiran Hawai masu bishara ne suka fara sauka, zuriyarsu suka shuka rake, daga baya suka tuɓe sarauniyar wurin. A Filifin taimako ta je yi, a kori Sifaniyawa, da aka kore su sai ta gyara zama a kujerarsu. Kullum nakan ce wa 'yan ajina, da Littafi ake sallama, da igiyar awo ake shiga, da tuta ake zama.

Wata Asabar da rani na je ƙauyenmu a ƙasar Jaba. Babanmu ya rasu ya bar wa Mama gonar citta, ita ce ta yi mini makaranta, ita ce kuma duk abin da muke da shi. Ina sauka daga mota sai na hango turaku huɗu a kusurwar gonar ta gangare, kowanne da jan ƙyalle. A tsakiyarsu ga wani Bature siriri kamar karan dawa, yana naɗe igiya. Na tambayi wata mata da ke wucewa da itace, ta ce ai Ba'amurke ne, mishan suka kawo shi.

Littafi, igiya, tuta. Duka ukun a gonar uwata!

Na tarar da Mama a tsakar gida tana tsaga citta don shanya.

"Mama, kin ga abin da ke gonarmu?"

"Na gani mana. Ai ni ce na..."

"Kin gani kika yi shiru? Haka aka cinye Hawai!"

"Wace ce Hawai kuma? Ticha, zauna in gaya maka."

Ban zauna ba. Na yi mata lacca tun daga rake har sarauniya, duk ta buɗe baki sai in ƙara mata wani tsibiri. Da na gama ta share wuƙarta a zani ta ce, "To. Tuwo na cikin kwano."

Washegari na ce kaina na ciwo. Da aka buga guntun ƙarfen layin dogon da ke kiran sujada, kowa ya shige majami'a, sai na zaga gona na tumɓuke turakun nan na watsa su a daji. Sai kuma na yi tunani, ai Bature ba ya rasa turaku. A wurinmu akwai alamar da ta fi kowace tuta. In ana rigima a kan fili, dattijon dangi yakan kafa sanda ya ƙulla ganye a kanta, daga ranar ba mai taka wurin har sai shi da kansa ya kwance. Shi kaɗai ke da ikon kafawa. Ni kuwa na ce yaƙi ba ya jiran dattijo. Na kafa, na ƙulla, na koma Kafanchan.

A ofishin malamai na ba da labari. Ran Litinin Bature ɗaya na kora. Kafin Juma'a sun zama goma sha biyu, da motar jif.

Bayan mako biyu direban motar ƙauyenmu ya ce ana nemana a gida. Na tafi ina shirya jawabin karɓar godiya.

A gindin mangwaro na same su. Ga Baba babba, yayan mahaifina, wanda shi ne dattijon danginmu. Ga fasto. Ga matan zumunta na majami'a sun cika benci uku, ba mai murmushi. Ga Baturen a kan 'yar kujera, gwiwoyinsa sun kai kunnuwansa.

Fasto ne ya warware mini. Rani biyu matan nan suna roƙon a haƙa musu rijiya, don rafin da suke ɗiban ruwa ya yi nisa, ga hawan dutse. Baturen aikinsa ke nan, neman inda ruwa ya fi kusa. Ya same shi a kusurwar gonarmu, Mama kuma da bakinta ta ba da wurin. Masu haƙa suka zo da diga, suka ga ƙullin ganye, suka juya. Har wani dattijon ikilisiya da ya ce shi bai yarda da waɗannan abubuwa ba, da aka ce to ya wuce gaba, sai ƙafarsa ta fara ciwo. Baba babba ya rantse ba shi ya kafa ba, tsoro ya ƙaru. Ga damina tana matsowa, in ruwa ya sauka kuwa sai baɗi.

Na ce, "To wa ya ce ni ne?"

Baba babba ya nuna ƙafata da sandarsa. "Mun ga sawu kamar an danna bulo a ƙasa. Duk ƙasar Jaba mutum nawa ke tafiya a kan bulo?"

Wata daga benci ta ce, "Ticha, Amurkan nan da kake faɗa, ita ce za ta ɗauko mana ruwa daga rafi?"

Na gyara hula na soma zancen Hawai. Baturen ya ɗaga hannu, ya yi magana da Hausarsa ta littafi, kalma ɗaya-ɗaya kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu.

"Malam, abin da ka faɗa gaskiya ne. Mun yi haka. Amma ni, a ƙasarmu, ko kaza ba ni da ita."

Na so ya musa. Na zo da hujjoji cike da aljihu, ya bar ni da su.

Hukunci bai ɗau lokaci ba. Akuya ɗaya don Baba babba ya kwance ƙullin, fasto ya juya baya yana duban mangwaro har aka gama. Sannan, tun da ni na cinye wa mata mako biyu, hutun Ista gaba ɗaya a cikin rami zan yi shi.

Na haƙa, jama'a. Na haƙa har na fara jin maganar mutanen Hawai ta ƙasa. Tafin hannuna ya zama kamar bayan kada. Kullum matan zumunta na leƙowa daga sama suna cewa, "Sannu da yaƙi, Ticha!" Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa na duban sama, ni ina duban ƙasa. Ana saura kwana biyu in koma makaranta, diga ta nutse a laka, ruwa ya ɓulɓulo ya cika mini wando. Matan suka ɓarke da guɗa da waƙar yabo, Baturen ya yi rawar da har yau ban ga irinta ba, kamar tsani na neman faɗuwa.

Aka jawo ni da igiya. Na hau takalmina, na soke mataji, na ɗora hular kaboyi, na jefa cingam a baki. Mama na tsaye da sabon guga.

Na ce, "Mama, a yi mini dariya, amma ki faɗi gaskiya. Ko taƙi ɗaya na gonar nan bai tafi Amurka ba."

Ta dube ni daga hula har bulo, ta sake dubawa daga bulo har hula.

"Me za ta yi da gonata? Ai ta riga ta girbe ɗana. Matsa in ɗebi ruwa."